Gola Mai Goyo

Kafin ta haihu, duk mai aiki a kamfanin sabulu ya san Katanga. Da safe tana sashen shirya sabulu a kwali, tsaye gaban bel ɗin inji mai turo sabulu wanda ba ya hutawa, da yamma kuma ita ce golar ƙungiyar ƙwallon hannu ta matan kamfanin. Sunan ma a fili ta samo shi. Wata rana 'yan wata ƙungiya suka yi ta jifa har kafaɗunsu suka yi tsami, ƙwallo ta ƙi shiga, sai kocinsu ya yi wurgi da hularsa ya ce, "Wannan ai ba mutum ba ce, katanga suka gina a bakin raga!" Shi ke nan suna ya bi ta, har manaja da shi yake kiranta.

Da ta haifi 'yarta, wata 'yar ɓulɓul da kowa ke kira Kumatu, sai ta koma Maman Kumatu. Hutun haihuwa ya ƙare ta koma bakin aiki, amma fili ya gagare ta. Ana tashi sai ta nufi gida a guje, nono ya cika ya yi tauri, gaban riga ya jiƙe. Surukarta, wadda suke kira Inna, ita ke riƙon yarinyar da rana. Tsohuwa ce mai fama da ciwon gwiwa, wa zai iya buɗe baki ya ce ta ƙara da yamma?

Tana son yarinyar, wannan ba abin tambaya ba ne. In Kumatu ta yi dariya ta nuna dasashi, sai ta ji kamar ta haɗiye ta. Amma akwai abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Tana cikin wanke tsummokara sai ta ji ƙarar takalma a kan siminti mai santsi na zauren wasa. Tana kewar warin roba da gumi, da surutun motar ƙungiya in za su wasa wani wuri, ana waƙa ana yagar burodi ɗaya a miƙa wa na baya. Har tabon ƙwallo take kewa, irin wanda ke kwana a cinya ya tashi shuɗi. In tunanin ya zo mata sai ta kalli yarinyar ta ji kunya, kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya.

Wata Asabar tana dawowa daga asibiti, an yi wa Kumatu allurar rigakafi, motar haya ta bi ta gaban zauren wasa. Ba ta san lokacin da ta ce wa direba akwai sauka ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa da goyo. Ana tsakiyar atisaye. A cikin raga ga wata siririyar yarinya daga sashen sito, wadda ake ce wa Kyanwa saboda iya tsalle, sanye da rigar da Katanga ta yi shekara da shekaru tana sawa. Doguwa, kyaftin ɗin ƙungiyar kuma aminiyarta, ita ta fara hango ta.

"Ga Maman Kumatu!"

Suka yo kanta gaba ɗaya. Kafin ta ce wani abu an kwance goyon, yarinya ta shiga yawo daga hannu zuwa hannu. Wannan ta ce hancin na uban ne, waccan ta ce Allah ya kiyaye, ai yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba. Aka yi ta dariya. Ba wadda ta tambaye ta yadda ta ga tsaron da suke yi, alhali tun daga ƙofa ta ga gefen hagu a buɗe yake kamar ƙofar kasuwa.

"Ke kam kin huta da wahala," in ji Doguwa, tana share gumi. "Mu muna nan Koci yana gasa mu."

Ƙwallo ta gangaro ta tsaya a ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka da hannu ɗaya, yatsunta suka zauna daidai inda suka saba. Sai Koci ya busa usur. Aka miƙo mata 'yarta, aka karɓe ƙwallon, kowa ya koma fili da gudu.

Da ta isa gida ta kwantar da Kumatu ta shige kicin. Tana tsaye da wuƙa a hannu, hawaye na zuba, Inna ta leƙo tana dogara bango.

"Ke, lafiya?"

"Albasa ce, Inna."

Inna ta dubi albasar da ke kan faranti, ko ɓawonta ba a taɓa ba. "Lallai wannan albasa tana da ƙarfi. Tun ba a yanka ta ba?" Ta jawo kujera ta zauna da ƙyar. "Faɗa mini. In ɗana ne, yanzu in aika a kira shi."

"Ba shi ba ne." Ta goge ido da bayan hannu. "Inna, wallahi ina son yarinyar nan kamar raina. Amma ina kewar fili. Ina kewar yadda nake a da. Wace irin uwa ce za ta haifi lafiyayyar 'ya ta zauna tana yi wa ƙwallo kuka?"

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

"Ni da kike gani," in ji Inna, "da can mai buga tafireta ce a ofis. Duk ɗakin ba wadda ta kai ni sauri. In na fara, maza har tsayawa suke a taga suna kallo. Na haifi mijin nan naki da ƙaton kansa, aka ce in ɗan zauna ya yi ƙwari. Yau ga shi har gemunsa ya fara furfura, ni ina nan ina jira ya yi ƙwari." Ta yi 'yar dariya. "Ban taɓa da-na-sanin haihuwarsa ba. Amma da an tambaye ni, da na ce ina son duka biyun. Ba wanda ya tambaya."

Katanga ta ɗago ta dube ta kamar yau ta fara ganinta.

"Gwiwata ce ta lalace, cinyata lafiya ƙalau take," in ji Inna. "Ki ajiye mini ita ki tafi. In na gaji, ai tana da uba."

Uban mai gyaran wayoyi ne, shagonsa na bakin titi, kuma yamma ita ce lokacin cinikinsa. Da ya dawo suka sa shi a tsakiya, uwa a dama mata a hagu. Ya saurare su yana sosa ƙeya.

"Wato an riga an yanke hukunci, ni sa hannu kawai aka kira ni in yi."

"Ka gane ke nan," in ji Inna.

Ya dubi matarsa, idanunta har yanzu jajaye. Ya tuna cewa a zauren wasan nan ya fara ganinta, ta tare ƙwallo da goshi ta miƙe tana yi wa 'yan bayanta masifa, shi kuwa ya ce wa abokinsa ko ta wace hanya sai ya san gidansu.

"To," ya ce. "Wayar da ta lalace yau, gobe ma a lalace za a kawo ta. Ranakun atisaye zan rufe da wuri. Amma ki koya mini ɗaura kunzugun nan, don wancan karon a baibai na sa."

Ranar da ta koma fili ta so ƙasa ta tsage ta shige. Wandon wasanta ya ƙi wuce ƙugu, sai na mijin ta aro. Ƙwallo ta bi ta dama ta wuce, ta bi ta hagu ta wuce, ta bi ta tsakanin ƙafafunta. Idonta na ganin jifan sarai, jikin ne ke isa bayan an gama. Da ta yi wani tsalle mai ƙarfi sai ta ji fitsari ya ɗan kufce mata, abin da ba wanda ya taɓa gaya mata yana biyo bayan haihuwa. Ta ɗaura riga a ƙugu ta ci gaba, haƙoranta a cije.

Bayan an tashi Koci ya kira ta gefe. Dattijo ne da ba ya iya lulluɓe magana.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Raga ta Kyanwa ce yanzu, da guminta ta same ta. Benci dai akwai wuri."

"Ni ce a benci, Koci?"

"Ke ce. In kin ga ba za ki iya ba, ba wanda zai ga laifinki."

Ta tafi gida tana huci, ta rantse ba za ta sake taka wurin ba. Ranar atisaye ta gaba ita ta riga kowa zuwa.

A gida ma ba ta zauna ba. Da sassafe kafin a fita aiki, sai ta zana raga da gawayi a bangon tsakar gida, ta miƙa wa mijin ƙwallo. Mutumin da ke iya zare ƙusar waya wadda ido ba ya gani, ashe bai iya saitin bango guda ba. Ya fasa gilashin tagar banɗaki, ya kifar da bokitin wankin maƙwabciya, sau ɗaya ma ya sami kyanwar gidan a bisa katanga.

"Baban Kumatu, ni za ka jefa, ni!"

"Ai dabara ce. In ni ban san inda za ta ba, ke ta yaya za ki sani?"

Kumatu na zaune a tabarma tana tafi duk lokacin da wani abu ya fashe. A hankali cikin Katanga ya fara ɗaurewa, ƙafafunta suka fara jin magana.

Gasar ma'aikatun gari ta fara, ita tana benci. Sau ɗaya Koci ya ce zai gwada ta a wani wasa mai sauƙi. A ranar Kumatu ta tashi da zazzaɓi, jiki kamar garwashi. Katanga ta ajiye jakar wasa a bakin ƙofa ta saɓa 'yarta sai asibiti. Lokacin da ake busa usur ɗin farawa tana kan bencin jiran likita, tana shafa wa yarinyar ruwa a goshi. Ko kaɗan ba ta yi tunanin barinta ba. Amma da zazzaɓin ya sauka ta ji zafin wasan da ya wuce ta, kuma a karon farko ba ta ji kunyar jin zafin ba. Koci ya yi mata sannu da mai jiki, bai sake maganar gwaji ba.

Zaman benci ya koya mata abin da tsayuwa a raga ba ta koya mata ba. A da ƙarfi da sauri take taƙama da su. Yanzu da ba ta da abin yi sai kallo, ta shiga karantar masu jifa: wadda ke duban kusurwa ɗaya ta jefa ɗayar, wadda ke riƙe numfashi, wadda kafaɗarta ke tona mata asiri. Tana raɗa wa Kyanwa in an tafi hutun rabin lokaci. Da farko yarinyar tana ɗaure fuska, tana ganin rigarta ake hari. Da ta gwada sau biyu ta ga ya yi, sai ta koma tana zuwa da kanta: "Yaya, waccan mai ɗaurin kan fa?"

Haka suka yi ta haurawa har wasan ƙarshe, inda suka haɗu da 'yan masaƙa, masu riƙe da kofi. Cikinsu akwai wata ƙaƙƙarfar mata da ake kira Bindiga, wadda in ta saki ƙwallo sai dai a ji ƙararta a raga.

Zauren ya cika maƙil da yammacin ranar. Inna ta sa aka kawo ta, ta zauna a layin gaba da Kumatu a cinya, mijin kuma ya zo da jarkar roba yana kiɗa. Wasa ya yi zafi, a ci nan a rama can. Kyanwa ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma duk fenaritin da aka ba 'yan masaƙa Bindiga ce ke jefawa, kuma ba ta ɓarar da ko ɗaya ba. A ƙwallon hannu ana iya canza gola don fenariti kaɗai. Da aka sake ba su wani bayan hutu, Koci ya waiwayo.

"Maman Kumatu, tashi."

Ta shiga raga. Bindiga ta dube ta sama da ƙasa, ta yi murmushi, ta zura mata ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Ɓangaren 'yan masaƙa ya kwashe da dariya. Wani mai ƙatuwar murya ya ɗaga ya ce, "Hajiyar raino, koma gida yarinya na kuka!"

Ta fito ta zauna, kunnuwanta na zafi. Amma ta ga abin da take nema. In Bindiga za ta jefa ƙasa, takan ɗan karkata diddigen ƙafarta na hagu waje. In sama za ta jefa, ƙafar a miƙe take tsayawa.

Ba a jima ba aka sake busa fenariti. Koci bai dubi benci ba. Kyanwa ce da kanta ta taho da gudu daga raga.

"Koci, sa Yaya."

Wannan karon Katanga ba ta kalli fuskar matar ba, ba ta kalli ƙwallon ba. Diddige ya karkata. Ta zube ƙasa tun kafin ƙwallo ta bar hannu, ta ji ta daki cinyarta da wani irin zafi mai daɗi da ta daɗe ba ta ji ba. Ƙwallo ta yi waje. Zauren ya ɗauki ihu, jarkar mijinta ta fi ta kowa ƙara.

Ta juyo za ta fita, Koci ya ɗaga mata hannu: zauna nan.

Sauran wasan a raga ta yi shi. An ci ta, ta kuma tare. Muryarta ta dawo, tana tsawa tana jera 'yan baya: "Doguwa, rufe hagu! Ke, ɗaga hannu, ba gaisuwa kika zo yi ba!" Saura kaɗan a tashi 'yan sabulu suka shiga gaba da ci ɗaya. 'Yan masaƙa suka taso gaba ɗayansu, aka yi karo a bakin da'ira, alƙalin wasa ya nuna fenariti daidai lokacin da agogo ya cika. Jifa ɗaya ya rage. In ta shiga a ƙara lokaci, ga 'yan sabulu duk sun galabaita. In ba ta shiga ba, kofi nasu ne.

Zauren ya yi tsit. A cikin shirun nan sai wata 'yar murya ta tsala kuka daga layin gaba. Ko cikin yara ɗari Katanga za ta gane kukan. Nan take ta ji nono ya tsatso ya jiƙa mata riga. Dariya ta kusa kufce mata. A ranta ta ce, yi haƙuri 'yar nan, uwarki na bakin aiki.

Bindiga ta tsaya. Ita ma ba yarinya ba ce, ta gane an karance ta. Ta karkata diddige da gangan, ta yi kamar za ta saki, ta riƙe. Golar da Katanga take a da, da tuni ta zube. Wannan ta tsaya cak, ta jira. Bindiga ta mayar da ƙafa ta saki da dukan ƙarfinta sama. Katanga ta buɗe hannuwa ta yi tsalle, ƙwallo ta same ta a baki, ta tashi ta bi ta saman raga.

Ba ta ji usur ɗin ƙarshe ba. Ta dai ga kanta a ƙasa, mata sun danne ta, Kyanwa na kuka a wuyanta, gishirin jini a harshenta. Da ta samu ta ɗago kai ta hango Inna tsaye a kan gwiwar da aka ce ta lalace, tana nuna ɓangaren 'yan masaƙa da sanda tana neman mai ƙatuwar muryar nan ya maimaita abin da ya faɗa. Bindiga ta zo ta miƙa mata hannu ta tashe ta, ta ce, "Ni 'ya'yana uku. Na san abin da kika sha kafin ki tsaya a nan."

A ɗakin canza kaya, bayan an karɓi kofi hayaniya ta koma waje, Katanga ta zauna a benci tana shayar da Kumatu. Leɓenta ya kumbura, yarinyar na sha tana miƙa yatsa tana son taɓawa. Doguwa ta shigo ta turo ƙofa, ta zauna kusa da ita, tana murza igiyar takalmi.

"Ke kuma fa? Kyaftin guda, an ci kofi kina zaune kamar an aiko miki da sammaci."

"Ciki gare ni," in ji Doguwa a hankali. "Cikin makon nan likita ta tabbatar. Ko shi ban gaya wa ba tukuna."

"Da cikin kika shiga karon nan? Amma ke ba ki da hankali!" Ta kai mata duka a kafaɗa da hannun da ke sake, sannan ta jawo ta jikinta. "Barka, ƙawata. Barka."

"Tsoro nake ji. Na ga yadda kika yi."

"Za ki ji jiki, ba zan ɓoye miki ba. Barci zai gagare ki, wandonki zai ƙi shiga, wata rana ki yi ta kuka ba ki san dalili ba. Za ki so yaron har ki rasa inda za ki sa kanki, kuma za ki yi kewar wurin nan. Duk ranar da abin ya taso miki ki kira ni, kada ki zauna ke kaɗai da shi. Akwai motsa jikin da zan koya miki tun yanzu, wanda ni ba a koya mini ba."

Doguwa ta yi dariya tana share ido. Aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi.

"Maman Kumatu!" Muryar mijinta ce. "Ku fito mana! Mai hoto na jira, Inna kuma ta rungume kofi ta ce ba mai taɓa shi sai kin zo. Manaja ma ta hana shi."

Katanga ta gyara riga, ta ɗora Kumatu a kafaɗa ta bubbuga bayanta har ta yi gyatsa. Sannan ta miƙe, cinya na zogi, ta kama hannun Doguwa suka fita.